Sandar Kawu Arzika

Ku matso kusa, ku da kunka san Kawu Arzika na Kebbe, in gaya muku abin da na gani bayan rasuwarsa.

Kun dai tuna ba ya zuwa su a gulbi sai da sandar nan mai tsaga guda, a daidai tsawon giwan ruwan da ya kama yana saurayi. Kifin da bai kai tsagar ba, a wurinsa jariri ne. Sai ya cire masa ƙugiya, ya mayar da shi ruwa, ya ce, "Tahi ka kira uwarka."

Matarsa Inna Kulu ta sha kaɗa miyar kuka babu ko ƙaya. Wata rana ta ce masa yara sun manta ƙamshin tarwaɗa. Ya ce ai gara su manta da su ci sa'o'insu.

Wani ɗan kasuwa daga Tambuwal ya taɓa zuwa da sikeli, yana cewa kifi da nauyi ake sanin girmansa. Kawu ya dubi sikelin sama da ƙasa. "Wanga ƙarhe ya taɓa shiga ruwa? To mi ya sani?"

Sai ruwa ya fara janyewa. Mutane suka koma tace gulbi da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan da Kawu ke saki. Watanni yana dawowa hannu wofi, ya daina zolayar kowa.

Kwatsam ya fara shigowa da kifi, yana cewa ya kai tsaga. Ni ke gyarawa, ina ganin kifin na ƙanƙancewa kowace shekara. Da na yi magana ya ce, "Ɗiyata, idonki ne ya girma."

Bayan addu'ar bakwai Inna Kulu ta sa ni share ɗakinsa. Na ɗauko sandar, na ga tsaga tara, kowace ƙasa da 'yar uwarta. Ashe a ɓoye yake saukowa da tsagar don mu samu abin miya. Ta ƙarshe ko tsawon tafin hannuna ba ta kai ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta. Sandar tana wurina, babu sauran wurin tsaga a jikinta. Ku da ke zuwa bakin gulbin har yanzu, jariran nan da ya yi ta aikawa, akwai wanda ya dawo da uwarsa?