Ranar Ƙaddamarwa da Ruwan Shuka

Ban taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da wasan kokawa na waya a Madarumfa ba. Lokacin ni ne wakilin talla na wani ƙaramin kamfani daga Yamai. Aikina shi ne in sa matasa su sayi wasan, kuma an gaya mini ɓaro-ɓaro cewa idan bai karɓu ba, ba za a sabunta kwangilata ba.

Wasan kam ya yi kyau, har da kiɗan 'yan kokawa da kirari. Matsalar ita ce daraktanmu, mutumin da bai taɓa kwana a ƙauye ba. Shi ya tsayar da ranar ƙaddamarwa a farkon hutun makaranta, wai haka ake yi a Turai. Ya kuma sa aka kulle wasan, ba ya buɗewa sai da rezo, wato sabis na intanet, mai ƙarfi, don kada a kwafa. Alhali a nan, wasa ba ya shiga wayar kowa sai ta hannun masu cajin waya, waɗanda ke tura waƙoƙi da fina-finai a katin memori. Su kuwa ya kira su ɓarayi.

Ana gobe ƙaddamarwa darakta ya iso da mota da lasifika, muka kafa rumfa kusa da tasha, muka jera kujeru. Kafin gari ya waye aka zuba ruwan shuka. Duk wani saurayi mai ƙafa biyu ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Muka wuni da awaki. Da yamma wani manomi daga Gabi ya tsaya, ya gwada wasan, wayar tana ta juyi bai buɗe ba. Ya miƙo mini ita, ya ce, "Malam, ku dawo da kaka, in mun saida wake."

Darakta ya koma ya ba da rahoto cewa mutanen yankin ba su waye ba. Wannan kalmar ta ƙona mini rai fiye da sallamar da aka yi mini.

Ku da kuke shigowa wannan sana'a yanzu, ku tambayi yaushe mai saye yake gida, kuma wace irin waya ce a aljihunsa. Da kaka ta yi, samari suka riƙa tare ni a kasuwa da kuɗinsu a hannu, suna tambayar yaushe kokawar za ta fito. Lokacin kamfanin ya riga ya rufe.