Buta biyu ta kashe ƙugin ampili

Muna jona gitar bas ɗin ɗalibata Rakiya da ampili, na'urar ƙara sauti, a filin lakkwal, wato makarantarmu, sai ƙugi ya tashi kamar taron zuma. Darakta ya ce in bai daina ba, a cire ta daga wasan ƙarshen shekara. Wata uku yarinyar nan tana koyo.

Na kafa ƙarfe a ƙasa, na haɗa shi da ampilin da waya don ya janye ƙugin. A banza.

Rakiya ta ce, "Mushe," yadda ɗalibai ke kiran malami a nan, "busasshen rairayin garinmu Filinge ne fa. Wuta za ta bi shi babu danshi?"

Na ce, "To, shayar da shi mu gani."

Ta juye buta biyu a gindin ƙarfen. Ƙugi ya ɗauke tsit. Da ta taɓa tsirkiya, har tagogin aji suka amsa.

Darasin da na koya mata ne ta tuna mini, cewa wutar lantarki ta fi bin ƙasa mai danshi. Malamai, ɗalibanku sun taɓa yi muku haka?