Ka Tafi a Kan Titin da Fim Ɗinka Ya Gina, Gennadi Arkadyevich

Ranar Talata, sha ɗaya ga Nuwamba, ina tsaye a masana'antata ta katako, matarka Raisa Yefimovna ta bugo waya cewa ka cika. Na sa aka kashe injuna duka, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ni, Foma Rybakov, da zarto ɗaya na fara. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma ba wanda ya ɗaga ni. Kai kuwa birni ka tafi ka koyo shirya fim, sannan ka dawo garinmu Zarechinsk da kyamara, a lokacin da magajin gari ya sa aka shimfiɗa kwalta a kan dusar ƙanƙara don gwamna zai zo. Ƙanƙara na narkewa, titi ya bi ruwa. Kowa ya gani, kowa ya yi gum. Kai ka ce sai ka mayar da abin fim, kuma ni zan fito a magajin garin.

Na ce, "Arkadyevich, ni na yi maka kama da ɓarawo?"

Ka ce, "Kai dai a'a, amma wannan tumbin naka, ko a Mosko ba zan samu irinsa ba."

Da fim ya kammalu, aka rufe ɗakin taron gari, wai ana gyara. Aka aiko mini cewa in na ba ka wuri, jami'an kashe gobara za su garƙame masana'antata. Ka zo da kanka ka roƙe ni in janye, saboda ma'aikatana. Wannan halin naka ne ya sa na kwashe katakon da ke sitona, na rataya farin zanin gado don a haska fim ɗin a kansa.

Mutane suka cika sito cikin rigunan sanyi, ba mai ko tari, kowa na satar kallon na kusa da shi. Sai ga ni a kan zani ina yanka ƙyallen buɗe titi, kwalta tana nutsewa da takalmina. Tsohuwa Zoya, mai sayar da kabeji, ta ɗaga murya: "Wallahi ƙofar gidana ce! A ramin nan akuyata ta karye!" Dariya ta ɓarke, kuma daga ranar tsoro bai sake zama a garin nan ba. Sun rufe masana'antata, na sake buɗewa. Magajin gari kuwa, zaɓe ya yi waje da shi.

Akwatin gawarka da hannuna na haɗa shi, daga mafi kyawun katakona. Motata ce ta kai ka makabarta a kan sabon titin da aka shimfiɗa bayan fim ɗinka, ko sau ɗaya ba ka girgiza ba.

Allah Ya ji ƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya ba ka hutawa. Raisa Yefimovna, ke da 'yarku Lidiya, Allah Ya ba ku haƙuri. Itacen hunturunku yana wuyana muddin ina numfashi.