Maigidan Gariba na Pireyas

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Gariba Sumani, a bas ne ko a wajen suna a unguwar Abbey Wood ta Landan, ya san Pireyas ko bai so ba. Tashar jiragen ruwa ce a ƙasar Girka. Can wani jirgin dakon kaya da ya ɗauko shi daga Tema ta ƙasar Gana ya sauke shi yana saurayi, ya yi shekara biyu kafin ya tsallako Landan a farkon shekarun 1980. A Landan ya samu aikin wanke tukwane a kicin ɗin wani masaukin ɗalibai a Bloomsbury, kuma a kan tukwanen nan furfura ta same shi. Ɗalibai suna kiransa Baba, masu kicin suna kiransa Gary, shi kuwa yana amsa duka biyun, domin ya san akwai garin da aka san ko shi wane ne.

"Ni fa ina da maigida a Pireyas," in ji shi. "Manolis. Ranar da na sauka ban san kowa ba, ya kama hannuna ya ba ni ɗaki, ya ba ni abinci. Kifi daga teku zuwa wuta, a matsa lemun tsami, a kwarara man zaitun. Ba wannan abin da Turawan nan suke naɗewa a takarda ba."

A zangon Kumasi inda ya tashi, maigida ba ƙaramar kalma ba ce. Baƙo in ya shigo gari, wanda ya sauke shi ya zama ubansa a garin har abada. In ya dawo bayan shekara ashirin, can zai nufa da kayansa, kuma ba zai sa komai a baki ba sai ya gaishe shi.

Matarsa Amamata tana share ofisoshi a Aldwych tun kafin masu ofisoshin su farka. Ta ji labarin kifin nan har ta iya shi. Mijinta bai gina gida a Kumasi ba, bai sayi mota ba, ɗakin da suke ciki na hayar council ne, wato ƙaramar hukuma. Pireyas kaɗai ya mallaka, ita ma ta riƙe masa ita da daraja. Da jan fasfo na Birtaniya ya fito musu a 1994, ita ce ta ce su je Pireyas.

"Ka yi booking na otal?"

"Otal? Ina da maigida a gari in sauka a otal? So kike ya ji a bakin mutane?"

"To ko waya ka buga masa."

"Ɗa yana neman izinin shiga gidan ubansa?"

Suka sauka a watan Agusta, rana tana dukan kai. Garin bai ba shi kunya ba. Jiragen tsibirai suna busa ƙaho, masu babur suna zagin masu tasi, tsofaffi sun baje a bakin shaguna da ƙananan kofunan gahawa, wani yana kaɗa abin da ya yi kama da molo. An shanya wata halittar ruwa mai ƙafa takwas a igiya kamar wanki. Ƙamshin gasasshen kifi ya tare Amamata a kowace kwana, ita da rabonta da abinci tun cikin jirgin sama.

"Malam, ko burodin nan mai riɗi mu saya."

"Sai mun gaisa."

Ya sa babbar riga mai aiki, yana jan akwati, a hammatarsa ga tsaraba: farar shadda da goro da turare. Ya gane layin ba tare da tambaya ba, ya waiwaya ya tabbatar ta lura.

Gidan yana nan, an yi masa fenti, an jera tebura har kan titi. A bakin ƙofa wani tsoho ya ranƙwafa a kujera yana kaɗa ɗan carbin nan na wasa irin na Girkawa. Manolis ne. Gariba ya ajiye akwati, ya durƙusa kamar yadda ake durƙusa wa uba. Tsohon ya dube shi, fuskarsa ta washe, ya miƙe ya rungume shi.

"Ali! Ali!"

Amamata ta ce a hankali, "Wane ne Ali?"

"Haka yake kirana."

Wani baƙin saurayi ya fito da tiren kwanuka, tsohon ya daka masa tsawa da sunan Ali shi ma. Gariba ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙa tsaraba da hannu biyu, tsohon ya ɗora ta kan kujera bai buɗe ba, ya kama hannunsa. Hannun dai ya kama, kamar yadda labari ya ce. Ya ja shi ta cikin kicin, suka gangara matakala, Amamata tana biye.

Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, babu taga. Gadaje shida, wani kan wani, da warin albasa da takalma. A gefe ga kwatamin wanke-wanke, kwanuka sun kai ƙirji. Tsohon ya nuna gadon ƙarshe na sama, ya ciro wani ƙyallen ɗaurawa a gaba daga ƙusa, ya miƙa masa yana magana da sauri, yana nuna kwanukan.

Gariba ya san gadon. Ya san ƙusar ma. Abin da ya yi shekara da shekaru yana gogewa daga labarin, ga shi an ajiye masa yadda ya bar shi.

'Yar tsohon ta sauko da gudu, mace mai kiɗima, ta yi ta ba da haƙuri da Turanci. Babanta ya fara mantuwa, in ji ta, duk wanda ya gani sai ya ɗauka tsohon yaron aikinsa ne ya dawo. Ɗakunan sama kuwa sun cika tun watan jiya. Sun yi booking?

Amamata ta buɗe baki, ta ga mijinta ya riga ya karɓi ƙyallen. Hannunsa ne ya karɓa kafin kansa ya yi shawara. Ya naɗe hannuwan babbar riga a kafaɗa.

"Malam, me kake yi?"

"Maigida ya sa ni aiki. Hau sama ki ci abinci."

Ta hau. 'Yar tsohon ta zaunar da ita a tebur mai kallon teku, ta kawo kifi da lemun tsami da zaitun. Amamata ta ci, tana jin ƙarar kwanuka ta ƙarƙashin ƙafarta. Kifin kam ya kai yadda aka faɗa. Da la'asar ita ce ta zaga da kanta ta samo musu ɗaki a wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa, ta dawo ta ɗauki mijinta, rigarsa ta jiƙe har gwiwa.

Sun cika kwanakinsu. Ta ga kasuwar kifi, ta hau jirgi zuwa wani tsibiri, ta sayo soso da man zaitun. Shi yana biye da ita da jaka.

Da suka dawo Abbey Wood, mutane suka zo sannu da zuwa, kowa da tambayarsa a kan Manolis. Amamata ce ta riƙa amsawa. Ta ce tsoho ya rungume shi a gaban jama'a, ta ce kifin sai wanda ya ci. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya da ba gaskiya ba, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba, ko a cikin faɗa. Wannan ne bai yafe mata ba. Da ta yi masa dariya sau ɗaya, da sun yi rigima an wuce wurin.

Ya ci gaba da aikinsa a Bloomsbury har ƙarshen shekarun 1990. Wata rana wani sabon ɗalibi daga Zariya, da aka ba shi labarin Baba mai labarin Girka, ya leƙo kicin ya ce yana son zuwa can hutu, ina ya kamata ya sauka?

Gariba bai ɗago daga tukunya ba.

"Tambayi matata," in ji shi. "Ita ta je."