Bakaniken da ke gyara da hanci

A duk layin garejin babu wanda ya riƙe sunansa na yanka, Mai Hanci kowa ke ce masa. Ba don girman hancin ba ne, ko da yake ta nan ma Allah bai rage masa komai ba. Bakanike ne da ke gano ciwon mota da shaƙa. A turo mota rumfarsa, ya ɗaga murfin inji, ya sunkuya ya ja numfashi sau biyu, ya miƙe ya ce waya ce ke ƙonewa, ko ruwa ya shiga baƙin mai. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki, da shi ya gina ɗaki uku ya aurar da 'ya'ya biyu. Ƙanensa ke riƙe sifana, shi kuwa hancin ne jarinsa.

Wata safiya yana wanke hannu da fetur sai bai ji warinsa ba. Ya ce mura ce. Mura ta zo ta wuce, hanci bai dawo ba. Ran nan girki ya ƙone ƙurmus yana zaune a bakin kicin, ko motsi bai yi ba. Matarsa ta fito da gudu tana fifita hayaƙi, ta ce, "Maigida, yau kuma an yafe mini ke nan?" Ya yi dariya kawai, bai gaya mata ko ƙaurin bai ji ba.

A nan ya yi kuskuren da sai irinsa ke yi: ya ɓoye. Mai Hanci ba hanci, wa zai sake kawo masa mota? Sai ya ci gaba da sunkuyawa yana shaƙa a gaban masu motoci, alhali ido ne ke yin aikin a sace, yana duba launin hayaƙi da ɗigon mai da wayar da ta yi baƙi. Shekara uku yana wannan wasa, ko ƙanensa bai gane ba.

Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Ciwon kai ya fara tashinsa da safe, idon hagu ya yi hazo. In noti ya faɗi a gabansa sai ya yi ta laluben ƙasa. Da ya yi tuntuɓe da jak ɗin ɗaga mota ya fasa gwiwa, matar ta ce ba za ta ƙara saurarensa ba, ta tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar ta ce ya rufe ido, ta kawo wata 'yar kwalba kusa da hancinsa. "Baba, me ka ji?"

Ya ja numfashi sau biyu kamar yadda ya saba. "Sabulu ne."

"Garin kofi ne. Tun yaushe ka daina jin ƙamshi?"

Ya ce, "Shekara uku."

Matar ta juyo ta dube shi. "Uku? Muna gida ɗaya?" Bai iya ɗaga kai ba, kunya ta rufe shi.

Likitar ta haska masa tocila a ido, ta sa ya bi yatsanta sama da ƙasa, hagu da dama, ta tura shi ɗaukar hoton kai. Da hoton ya fito, ta yi masa bayani da yaren sana'arsa. Ta ce jijiyoyi ke fita daga ƙwaƙwalwa kamar wayoyin mota, kowace da aikinta. Ta farko ta jin ƙamshi ce, tana kwance a saman kogon hanci, zaruruwanta na bi ta wani ƙashi mai huda-huda kamar rariya. Ta biyu ke ɗauko gani daga bayan ido. Akwai wasu uku da ke juya ƙwayar idon, nasa lafiyarsu lau. Ƙari ne ya tsiro a kan ta farko ya danne ta, ya yi ta girma a hankali har ya kai ga ta biyu.

"Mutuwar hancin ita ce fitilar gargaɗi," in ji ta. "Da ka zo a lokacin, da wataƙila mun ceci idon. Za mu cire ƙarin, amma jijiyar da ta mutu ba ta tashi."

Shi da ya saba zagin direbobin da ke manna takarda a kan jar fitila don kada ta dame su!

Aka yi aikin, ya rayu. Idon hagu ya tafi, na dama inuwa kawai yake rarrabewa. Amma ƙwayoyin na juyawa sumul, suna bin muryar mai magana, har masu gaisuwa kan fita suna cewa ai jiki ya yi kyau.

Bayan wata huɗu zaman gida ya ishe shi, ya sa matar ta kai shi gareji. Yana zama a benci sai ga wani tsohon direba, abokin cinikinsa na shekaru, da motarsa tana tari. Ƙanen ya ja direban gefe ya ce Yaya fa ba ya gani.

"Ido me?" in ji direban da ƙarfi, don ya faranta wa Mai Hanci rai. "Da ma Mai Hanci da ido yake aiki? Taso, maigida, shaƙa biyu ka gama da ita."

Makanikan layi suka taru suna murna. Aka kama hannunsa aka ɗora a bakin inji mai ɗumi. Ya sunkuya, ya ja numfashi sau ɗaya, ya ja na biyu. Iska ce kawai ta shiga.

Ya daɗe a sunkuye, kowa na jira. Da ya miƙe sai ya ce, "Rabona da jin warin fetur ya fi shekara uku."

Direban ya kwashe da dariya, yana zaton ba'a ce. Babu wanda ya taya shi, don sun ga hawaye a fuskar matar. Mai Hanci ya lalubo makullin rumfa a aljihu, ya miƙa wajen da ya ji numfashin ƙanensa, ya ce wa matarsa, "Riƙe ni, mu tafi gida."