Katin Asibiti a Adakar Inna

Fatsuma mai nono ta fi shekara talatin tana shiga gidanmu a Malisa. Ina yaro na san ta. Na tafi karatu Indiya na yi shekara bakwai, na dawo na tarar da ita inda na bar ta, zaune a tsakar gida da ƙwarya a gabanta, tana dama wa Innarmu fura, suna gardamar ko nonon bana ya kai na bara kauri. Furfura ce kawai ta fito mata a gefen kunne, kuma ta daina kirana da sunana, sai "ɗan Indiya".

A wata ruga kusa da Maruda aka haife ta. Ba ta san shekarunta ba, amma ta ce lokacin babban farin da ya ƙarar da shanu tana goyon ƙanenta. 'Ya'yanta shida ke raye, uku ta haifa a ƙasar Gwandu, uku a ƙasar Kalgo, domin gidansu wuri biyu yake zama. Da damina suna nan kusa da mu, suna kiwo suna ɗan noman gero. In an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai su kora shanu zuwa fadamar Diggi, tafiyar kwana biyar, ba za su juyo ba sai ruwa ya sauka.

Duk shekara kafin su tashi, Fatsuma takan ɗaure abin da take tsoron rasawa ta kawo wa Inna ajiya: zanen salla, tasoshin da ta gada, katin zaɓe. Inna na da adaka guda ta wannan aikin. A ruga takarda ba ta yin rai, ko gara ta ci, ko ruwa ya jiƙa, ko maraƙi ya tauna.

Da daminar shekarar da na dawo, mijinta Malam Abubakar ya kama tari. Ya yi wata biyu yana shan jiƙe-jiƙe yana ramewa, har aka kai shi wani ƙaramin asibiti na yankinmu. Aka gwada kakinsa, aka ce tarin fuka ne. Ma'aikaciyar da ke kula da masu wannan ciwo, Mubaraka, ta yi musu bayani: magani kyauta ne, amma wata shida ake sha, kullum, ba fashi. Wanda ya yanke a tsakiya, tarin na iya dawo masa da irin da ba ya jin wannan maganin. Maganin wata shidan duka yana cikin kwali ɗaya mai sunan mara lafiya, a asibiti ake ajiye shi, duk mako biyu mai jinya ta zo da kati a ɗebar mata.

Mubaraka ta sha faɗa mini cewa ba ta taɓa samun mai jinya irin Fatsuma ba. Ba ta taɓa saɓa rana ba. Kafin ta tatsi saniya ko ɗaya sai ta ga maigida ya haɗiye ƙwayoyinsa, kuma takan dawo da fankon ledojin a ƙulle a bakin zane, don a gani. Wata uku ana haka, tari ya lafa, mutum ya fara cin tuwo.

A farkon Disamba, ranar wata Litinin, ta karɓi na mako biyu kamar kullum. Ranar Laraba ta kawo wa Inna ƙunshin ajiya. Ranar Juma'a suka tashi.

Kwana uku bayan ranar da ya kamata Fatsuma ta koma asibiti, Mubaraka ta hau babur ta je rugar, ta tarar da turaku da busasshiyar kashin shanu. Aka ce mata ta tambayi gidanmu. Ina zaure ta yi sallama, na shigar da ita.

"Hajiya, ina Goggo Fatsuma?"

"Sun tai Diggi, kamar kowace shekara," in ji Inna.

"Diggi? To me ya hana ta gaya mini? Da ta faɗa, minti biyar na rubuta mata takardar canjin asibiti!"

Inna ta dube ta kamar ta yi tambayar yara. "Ke ɗiyar nan, ina kika taɓa jin mai shanu ya faɗi ranar tashi? Ni da muke tare shekara talatin, sai na ga ƙunshi nike sani."

"To katin fa? Ta tafi da shi dai ko?"

"Kati shina nan lafiya lau. Na ga ta sa shi cikin ƙunshi. Ta ce kin ce kada shi ɓace."

Mubaraka ta zauna a kan turmi. Ta lissafa da yatsu, ta ce maganin da ke hannunsu ya ƙare shekaranjiya. Lambar wayar babban ɗansu ba ta shiga. Ni kuma na ga abin ba wuya: a ba ni katin da kwalin, gobe in kai musu. Inna ta ce ajiya ba a ba ɗan aike. Na ce to a kwance ƙunshin in ɗauki hoton katin da waya. Ta ce hannun da ya ɗaure shi zai kwance. Na juya wajen Mubaraka, ita ma ta ce kwalin ba ta da ikon ba kowa sai mai jinyar da ke rubuce a littafi, kuma takardar ma sai ta san asibitin da za ta rubuta wa.

"Kin gani?" in ji Inna. "Ke ma ajiya gare ki, kina ganin laifina."

Abin da aka tsayar shi ne in je in nemo Fatsuma. Mubaraka ta rubuta mini lambar Malam Abubakar ta littafinsu a 'yar takarda. Washegari na bi mota ta Birnin Kebbi zuwa Kalgo, daga nan babur zuwa Diggi. Sai da na yi kwana biyu ina tambaya kafin na same su, don bana sun sauka can ƙasan fadama, ba inda suka saba ba.

Malam Abubakar na zaune a inuwar bukka, ya ce shi lafiyarsa lau, tari kaɗan ne da safe. Fatsuma ce hankalinta ya tashi. Sau biyu ta taka zuwa wani asibiti na ɓangaren, sau biyu ta dawo hannu wofi, kuma ba ta gane dalili ba.

"Ɗan Indiya, kai da ka yi boko, gaya mini. Gwamnatin Gwandu daban, ta Kalgo daban?"

Na ce a'a, jiha ɗaya ce.

"To masu ɗigon shan inna har cikin fadama suke bin mu, ba su tambayar kati, sai su ɗiga ma yaro su shafa mai tawada a yatsa. Masu gidan sauro haka. Na ce wanga ma maganin gwamnati ne, duk inda na je shina nan. Mi ya bambanta shi?"

Na ce mu je tare mu ji.

Ma'aikacin can sunansa Aminu, mutum mai fara'a. Yana hango ta ya fara dariya. "Goggo mai miji ba suna, kin dawo?"

Ya ba ni labarin zuwanta na farko. Ya tambaye ta kati, ta ce yana wurin ajiya. Ya ce to sunan mara lafiya, ta sunkuyar da kai. Matar kirki a wurinsu ba ta kama sunan miji, ko a gaban alƙali. Ta ce "maigida", ta ce "shi", ta ce "baban yara". Da ya ga layi na tsawo, sai ya koma jero sunaye da kansa: Umaru? Ta girgiza kai. Usmanu? Aliyu? Bello? Da ya kai Abubakar ta ja mayafi ta rufe fuska, mutanen layi suka yi shewa. Sai ya ce saura sunan mahaifinsa.

"Surukina fa!" in ji Fatsuma. "Wanga yaro ba shi da kunya."

"Sai da muka sake zagayowa tun daga Umaru," in ji Aminu.

Na miƙa masa lambar da Mubaraka ta rubuta, ina ganin an gama. Ya duba, ya ce madalla, amma lamba ba ta zama magani ba. Ya buɗe kabad ya nuna mini kwalaye tara, kowane da sunan mai shi. In ya ɗebi na wani, wancan zai yanke a wata na shida. In ya rubuta Malam Abubakar a sabon mara lafiya, sai a faro masa daga farko, kuma mutum ɗaya ya zama biyu a lissafin jiha. Na ce to ya roƙo sabon kwali daga ƙaramar hukuma. Ya ce ya tambaya, an ce sai da takardar canjin asibiti. Na ce ita kuma mai rubuta takardar tana jiran ta san asibitin da za ta rubuta wa. Ya ce to ai yanzu ta sani.

Na tsaya ina juya maganar, ina neman inda laifin yake, ban samu ba. Kowa na kan ƙa'idarsa, kuma kowace ƙa'ida in an bayyana ta sai in ga tana da hujja. Mutumin dai kwanansa shida ke nan ba magani.

Washegari Fatsuma ta bar wa surukarta tatsa, muka kamo hanya. Ba ta taɓa yin wannan tafiyar a mota ba. Da muka shigo Gwandu kafin azahar ta ce lallai direban ya yanke hanya, don ba ta ga rijiyar da suke kwana na uku ba.

Inna ta fito da ƙunshin, Fatsuma ta kwance da hannunta, muka wuce asibiti. Mubaraka ta fara faɗa, sai kuma ta fasa, ta zauna ta rubuta takardar. A nan wata sabuwa ta taso. Ta kira mai kula da aikin na ƙaramar hukumarmu ta shaida masa, ya ce takarda ta tafi, kwali ya tsaya, can za su ba shi nasu. Ta kira Aminu, ya kira nasa shugaban, aka ce a'a, kwali ke bin mara lafiya, su ba su da rarar ko ɗaya sai ƙarshen wata. Aka sake kiran na farko, waya ba ta shiga. Muka kwana uku a kan haka. Fatsuma takan zo tun da hantsi ta zauna a bakin baranda, ba ta ce wa kowa komai, sai in Mubaraka ta gifta ta ce, "Ɗiyata, yau kwana tara." Washegari ta ce, "Yau goma."

A ranar ta goman Mubaraka ta ajiye waya, ta ɗauko kwalin, ta ƙirga abin da ya rage a gaban Fatsuma, ta rubuta a jikin takardar, ta sa hannu.

"In an tambaya, ni na bayar," ta ce. "Goggo, kada rana ta buge shi, kada ruwa ya taɓa shi. Hannun Aminu za ki sa shi, ba ruga za ki kai ba."

Fatsuma ta sa kwalin cikin ƙwaryar nono, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka. A mota ma ba ta yarda an sa shi a but ba, a cinya ta riƙe shi har Kalgo.

Da safiyar kwana na goma sha ɗaya Malam Abubakar ya haɗiye ƙwayoyinsa a gaban Aminu. Aminu ya auna shi, ya karɓi kakinsa don a aika gwaji, ya ce kwanakin da aka rasa za a ƙara su a ƙarshe. Fatsuma ta tambaya ko tarin mai taurin kai ya riga ya shiga. Ya ce bai sani ba, sai sakamako ya fito. Ta tambaye ni, na ce ni ma ban sani ba. Ta ce to mu duka karatun me muka yi.

Na koma Malisa. Bayan mako biyu Aminu ya kira ya ce gwajin bai nuna komai ba, amma kada a yi murna tukuna, akwai na wata biyar da na ƙarshe. Daga nan sai labari jefi-jefi. Fatsuma ta ci gaba da zuwa duk mako biyu, tafiyar awa guda da rabi a ƙasa, katin yanzu a cikin leda a rataye a wuyanta.

A ƙarshen Maris Aminu ya sake kira. Ya ce gwajin ƙarshe ya fito fes, in gaya wa Mubaraka ta rubuta a littafinta cewa mutumin ya warke. Na ce ai a hannunsa ya ƙarasa, me ya sa ba shi zai rubuta ba? Ya ce inda aka fara nan ake rufewa. Na ce to shi aikinsa na wata uku a ina zai fito? Ya yi dariya ya ce in na gano in gaya masa.

Sai ya ƙara da cewa ranar awon ƙarshe Malam Abubakar da ƙafarsa ya zo daga fadama, yana gaba Fatsuma na biye. Ya hau sikeli da sandarsa a kafaɗa, aka ce ya ajiye ta, ya ce shi tun yana yaro bai taɓa tsayuwa gaban mutane ba sanda ba. Aka yi ta fama, ya ƙi. Daga baya Aminu ya auna shi da ita, ya lallaɓa ya karɓi sandar ya auna ta ita kaɗai, ya cire. Kilo shida ya ƙaru.