Wadda Aka Ce Ta Hana Surukinta Abinci

Matso nan, ja tabarma ka zauna. Labarin Lantana zan ba ka, kuma in ka ji muryata ta hau, ba da kai nake ba.

A shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya haye ƙauyukan ƙasar Maradun, an kwashe su Lantana aka zube su a sabon matsuguni kan tsandauri, gidaje a jere, kowanne kamar ɗan'uwansa. Mijinta Sanusi lebura ne wajen haƙar magudanan ruwa kusa da Talata Mafara, sai Juma'a yake leƙo gida. Saboda haka ita aka bar wa surukinta, Baba Gajere, tsohon manomin fadama da lalura biyu suka haɗu a kansa: ciwon suga da gigin tsufa.

Ita ta fara lura kiyashi na taruwa inda tsohon ya kama ruwa, ita ta matsa aka kai shi asibiti. Wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ita ta ce: abinci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, ganye da yawa, ba zuma, ba sukari, ba rake. Ƙwayar maganinsa kada ta wuce safiya. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, kuma kullum a duba tafin ƙafarsa, don ciwon yana kashe jin zafi. In ya rikice, kada a yi masa gardama.

To, kai ka san kunyar suruki a wajenmu. Matar da ko sunansa ba ta faɗa, ita ce ta durƙusa tana wanke masa ƙafa, tana buɗa tsakanin yatsu. Ranar farko abin ya yi mata nauyi. Ta yi dai. In ya tashi zai tafi gonar da ruwa ya cinye, ba ta ce masa babu gona. Sai ta ce, "Baba, bari rana ta yi sanyi tukuna," ta miƙa masa igiya ya yi ta tufka har ya manta.

Matsalar ita ce, a tsohon gari da wata tsamiya yake gane ƙofar gidansa. Nan babu tsamiya. Da Lantana ta juya baya wajen daka, sai ya fita, ya faɗa zauren da ya samu, ya zauna a yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce tun jiya bai ci komai ba. Ba ƙarya yake ba, bawan Allah. Ya ci ne ya manta. Wane gida ne kuma dattijo zai ce yana jin yunwa a bar shi? Nan a dama masa fura da zuma, can a sara masa rake. Ya dawo idanu sun yi nauyi, yana ta neman ruwa.

Lantana ta bi maƙwabta tana roƙo. Inna Kaltumi, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta tare ta.

"Ke ɗiyar ga, ki ji tsoron Allah. Tsoho shina kuka da yunwa cikin gidan ɗanai?"

"Inna, yanzun ga yat tashi gaban akushi. Ga shi can ko wankewa ban yi ba."

"Akushi na magana? Shi yaf faɗi da bakinai."

Ka ji fa! An gaskata mutumin da ke tambayar matarsa da ta rasu tun kafin a fara aikin ruwa, an ƙaryata wadda ke wanke masa ƙafa.

Magana ta yi ta yawo har ta kai Dakko ta ƙasar Bakura, wajen Taibatu, babbar 'yar tsohon. Ta zo a fusace, ta tara dattawa.

"Ubana na, ba naki ba," in ji ta. "Mutumin da yac ciyar da rabin gari za a auna ma tuwo kamar magani?"

Sanusi yana wurin. Ya san gaskiya sarai, don da shi aka je asibiti. Amma gaban yayarsa sai ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke. Wannan shirun ya fi komai ƙona wa Lantana rai.

Aka yanke Taibatu ta tafi da shi. Lantana ta ƙulla ƙwayoyin a tsumma, ta haɗa da takalmansa, ta bi su har bakin mota tana cewa, "Yaya, don Allah ƙafar, a riƙa duba ƙafar." Ko waiwaye ba a yi ba.

A Dakko an nuna masa gata, ban hana ba. Shayi mai kauri da safe, fura da zuma da rana. Ƙwaya ta ƙare, aka ce ai ya murmure. Takalmi ya ɓace. Ƙaya ta shige masa dunduniya, shi bai ji ba, su kuma ba wanda ya ɗaga ƙafar ya duba. Wari ne ya sanar da su. Kafin damina ta faɗi, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Daga asibiti, gidan wa kake jin aka sauke shi? Taibatu ta ce aiki ya yi mata yawa. Wajen Lantana aka dawo da shi. Ta ɗebo ruwan ɗumi, ta durƙusa, ta kama ƙafar da ta rage.

Washegari mata suka cika gida da sannu. Inna Kaltumi ta shigo da ƙwarya a rufe. Baba Gajere ya dube ta ya ce tun jiya bai ci komai ba. Lantana ta miƙe, ta karɓi ƙwaryar, ta buɗe, ta ɗanɗana ta ji fura ce da zuma, ta mayar mata a hannu gaban kowa.

"Inna, ƙafa guda tar rage. Wagga ba ni ba ku ita."

Ta ajiye masa kwaɗon zogale. Ya ci, ya yi mata addu'a da sunan marigayiyar matarsa. Har ya koma ga Allah, ƙaya ba ta taɓa wannan ƙafar ba, kuma cikin masu zaginta ba wanda ya zo ya ce ta yafe masa.

To kai da kake saurare, in gobe dattijo ya shigo zaurenka ya ce bai ci komai ba, ƙwarya za ka fara ɗauka, ko za ka aika a tambayi mai jinyarsa?